Waƙar "Ba Gishiri" da Na Koya wa Tsofaffi a Dubai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Dubai ba, ko da ni ma tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina. Har yau idan na tuna, sai in ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa.

A shekarar 2019 ne. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, ni ce mataimakiya a sashen nishaɗi. (Mutanen gidanmu a Kano sun ɗauka babbar nas ce ni. Ban taɓa ce musu haka ba, amma kuma ban taɓa gyara musu ba.) Aikina shi ne kada tsoho ya zauna shiru ya faɗa tunani. Da safe motsa jiki a kan kujera, da hantsi zane ko saƙa ko jefa balan-balan, da la'asar shayi da dabino da wasan domino, wanda kullum sai ya ƙare da rigima domin tsofaffin nan sun iya maguɗi fiye da yadda kuke zato.

Shugabarmu sunanta Madam Huda. Mace ce mai kirki, wannan ba zan ɓoye ba, sai dai idan ta fara magana za ka iya zuwa ka yi alwala ka yi sallah ka dawo ba ta kai tsakiya ba. Ita ce ta kawo tsarin cewa kowane ma'aikaci zai koya wa tsofaffi waƙar ƙasarsu. 'Yar Filifin ta yi tata har da rawa. Ba'indiye ya zo da ƙaramar ganga. Ni aka sa min ranar Talata, na ce babu damuwa, na kuma manta sarai.

Talatar nan tun asuba ta fara min da ƙafar hagu. Mu shida ne a gidan da muke haya a unguwar Al Nahda, banɗaki ɗaya, ni ce ta biyar a layi. Ban karya ba na fito, motar ma'aikata ta maƙale a cunkoso, Madam ta riƙe mu a taron safe kusan awa guda tana bayanin yadda ake ninke tawul. Da rana na ci abincin gidan, wanda saboda masu hawan jini ba a sa masa gishiri ko na rantsuwa. Ina ajiye cokali aka ce tsofaffi sun hallara a falo, ni ake jira.

Na tsaya gaban mutum ashirin da wani abu, kaina fayau. Duk waƙoƙin gaɗa da na yi a ƙuruciya, da na Islamiyya, da na biki, babu wadda ta zo min. Sai kawai na fara tafi, na buɗe baki, abin da ke cikina ya fito da kansa:

"Madam ta zo, a gyara zama,
Bakinta ba ya zuwa hutu,
Miyar gidan nan ruwa ce zalla,
Ba gishiri, ba gishiri."

Ai wa zai gane? Larabawa ne da Indiyawa da wasu Turawa biyu. Abin mamaki, waƙar ta shige su. Kafin in maimaita sau uku, falo ya ɗauka, kowa yana amshi da "ba gishiri". Wani tsoho da muke kira Baba Salim, wanda ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgin ruwa kuma har yanzu yake magana kamar yana kiran wani a ɗaya gaɓar teku, ya tambaye ni ma'anar amshin. Ban ko ƙifta ido ba na ce masa yana nufin rayuwa da daɗi, mun gode Allah. Madam kuwa ta ji sunanta a ciki, ta matso tana tambaya. Na ce mata ai yabo ne, a al'adarmu ba a yin waƙa ba a yabi shugaba ba. Ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Habibti," wato masoyiyata. Har idonta ya kawo ruwa.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Ni sai na ji kaina ya kumbura.

Duk Talata ina ƙara baiti. Na yi wa takalmin Madam baiti, mai ƙwas-ƙwas ɗin nan da ke sanar da zuwanta tun daga bakin lif. Na yi wa turarenta da ke riga ta shiga ɗaki. Na yi wa girarta, domin da fensir take zana ta, kuma kullum ɗaya tana fin ɗaya tashi sama, kamar mai mamakin wani abu da rabin fuska. Tsofaffi suka haddace tsaf. Baba Salim ya mayar da amshin gaisuwa. Likita ya shigo duba shi, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce ba gishiri. Mai dafa abinci ya zo kwashe kwanuka, tsohon ya dafa ƙirji cikin ladabi ya ce masa ba gishiri, shi kuma ya yi murmushi ya ce ya gode. (Ranar nan sai da na shiga ɗakin ajiyar tawul na yi dariya har na zauna a ƙasa.)

Mutum ɗaya ce ba ta shiga waƙar. Hajiya Zainaba, wata tsohuwa 'yar Sudan da ɗanta ya kawo bayan rasuwar mijinta. Ba ta magana da kowa. Kullum tana can baya a keken guragu kusa da taga, da carbi a hannu. Idan na je na kama hannunta don ta yi tafi, sai ta kalle ni kawai, wani irin dogon kallo. Ni a wautata na ɗauka kewar gida ce.

Bayan sati shida aka sa ranar iyalai wata Asabar, ranar da 'ya'ya da jikoki ke zuwa a ci a sha a ga abin da tsofaffi suka koya. Madam ta ce waƙata ce za ta rufe taro. Maimakon gabana ya faɗi, sai na tafi kasuwar Naif na sayo sabon mayafi. Na ci atamfa, na kafa ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu.

Falo ya cika maƙil, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Aka ba ni makirfo. Madam ta zauna a layin gaba tana murmushi tun kafin a fara yabonta. Muka yi baitin zama, muka yi na takalmi, tsofaffi suna amshi da iya ƙarfinsu, jikoki suna tafi. Ina shiga baitin gira, har ina nuna Madam da hannu don girmamawa, sai aka ji wani sauti daga baya kamar wani ya shaƙe. Nas biyu suka ruga. Hajiya Zainaba ce, ta sunkuya, kafaɗunta suna rawa. Ashe dariya take yi, har carbi ya faɗi.

Ta ɗago, ta share hawaye da gefen mayafi, ta dube ni, ta ce da Hausa tsantsa, irin ta tsofaffin Sakkwato:

"Ɗiyata, ke ba ki tsoron Allah? Girar matar ga mi ta yi miki?"

Na ce, "Na'am?" A cikin makirfo na faɗa, kowa ya ji.

Ɗanta ya taso yana yi wa mutane bayani da Larabci cewa kakanninsu Hausawa ne da suka taho aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan, uwarsa da Hausa ta tashi, kuma rabon da ya ga dariyarta tun kafin babansu ya rasu. Mutumin har da kuka. Madam ta ji daɗi ba kaɗan ba. Ta karɓi makirfo daga hannuna da kanta, ta taka ƙwas-ƙwas har gaban tsohuwar, ta roƙe ta ta fassara wa jama'a wannan kyakkyawar waƙa.

Na bi ta a baya da sauri, na durƙusa gefen keken kamar mai gyara mata bargo, na raɗa mata, "Hajiya, don girman Allah ki rufa min asiri. Bizata a hannun matar nan take."

Ta ce, "Sati shida ina rufa miki. Cikina har ciwo yake."

Ta fassara. Baiti-baiti, da Larabci mai kyau, ba ta tsallake ko wasali ba. Inda ta ga Larabci bai fito da abin sosai ba, sai ta ƙara da kwaikwayo. Da ta zo kan takalmi, mutane suka dubi ƙafar Madam. Da ta zo kan gira, falo gaba ɗaya ya dubi fuskarta, ni kuma na ga hannun Madam yana tashi a hankali, a hankali, har ya je ya rufe girar hagu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Baba Salim ne ya fara magana. Ya tambaya da muryarsa ta teku, wato duk kwanakin nan abin da yake gaya wa mai dafa abinci shi ne babu gishiri? Aka ce masa e. Sai ya buga sandarsa a ƙasa ya rantse cewa tunda ya zo gidan nan bai taɓa faɗar gaskiya irin wannan ba. Ya ɗauki amshi. Sauran suka bi shi, wannan karon sun san abin da suke faɗa, suna nuna ƙofar kicin. Bikin iyalai ya koma zanga-zanga, ni ce kuma shugabar 'yan tawaye, da ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu.

Washegari Lahadi aka kira ni ofis. Tun a mota na gama tsara yadda zan haɗa kayana in kai wa masu jigilar kaya zuwa gida, da ƙaryar da zan yi wa Umma. Madam ta yi magana minti hamsin, kuma a karon farko na saurari kowace kalma. Ta ba ni takardar gargaɗi na sa hannu. Na miƙe zan fita sai ta ce in tsaya. Ta rufe ƙofa, ta rage murya, ta tambaye ni wace gira ce ta fi tashi, ta dama ko ta hagu.

Na ce, "Ta hagu, Madam. Shwaiya kawai," wato ɗan kaɗan.

Ta ce shekara goma sha biyu tana aiki da mutane, babu wanda ya taɓa gaya mata.

Ba a kore ni ba, kuma ɗan Hajiya Zainaba ne ya cece ni, domin ya je ya roƙa a bar ni kusa da uwarsa. Hukuncina shi ne kullum bayan la'asar in zauna da ita rabin awa muna hira da Hausa, kuma duk waƙar da zan koyar sai ta bi ta hannunta tukuna. Ta yi watsi da guda huɗu. Ta ce muryata ba ta waƙa ba ce, ta tallan kunu ce, Hausata kuma rabinta Turanci. A kicin aka fara ƙara lemon tsami da kayan ƙamshi a miya, Baba Salim yana yawo yana gaya wa kowa cewa shi ya jagoranci gwagwarmayar.

Abin da na koya shi ne, Hausa ta riga ni zuwa duk inda nake tunanin ni na fara kai ta. Yanzu ko a jirgin ƙasa nake, kafin in buɗe baki in yi gulmar wani a waya, sai na gwada shi da gaisuwa tukuna. Kwanaki a tashar Al Rigga na ga wani ɗan China da wata irin riga da ba zan iya yin shiru a kanta ba. Na ce masa ina wuni. Ya ce lafiya lau Hajiya, ya mutanen Kantin Kwari?