Rasuwar Takalman Birkin Jar Motar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar takalman birkin gaba na jar motar tseren Yayana. Sun riga mu gidan gaskiya a garejin bakanikenmu, Mai Sifana, bayan doguwar jinya.

Ni na zaɓo marigayan da kaina, lokacin da Yaya ya tafi aiki nesa ya bar mini makulli. Mai shago ya ajiye kwali biyu a kan kanta. Na farko na titi ne, masu kunya, ba a jin bakinsu. Na biyu na filin tsere ne, sai sun ɗauki zafi suke kamawa, in da sanyi kuwa kuka suke yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, kana zuwa tsere kuwa?" Na ce masa gobe ma can zan wuni, na ɗauki na biyun. Har suka bar duniya ba su taɓa ganin ƙofar filin tsere ba. Rayuwarsu ta ƙare a cunkoso, tsakanin kai Mama awon hawan jini da ɗauko tukunyar gas. Sun yi haƙuri da ni.

Kowa ya shaide su da murya. Da na taɓa birki sai su ce "kiiiiiik", karen maƙwabta ya amsa, masu shaguna su toshe kunne. Kullum da safe sai na zagaya unguwa ina ɗumama su, shi ya sa har yau wasu ba sa amsa gaisuwata.

Amma babban alherinsu a ƙofar gidan su wadda nake so in aura suka yi shi. Mahaifinta ɗan fansho ne mai tsananin son barcin rana. Ya hana hon a ƙofarsa, ya hana ta ɗaga waya in yana gida. Birki ne kawai bai iya hanawa ba. Da ta ji "kiiiiiik" ta san na iso, sai ta fito. Wata rana shi ya fito, da shatin matashin kai a kumatu, ya ce, "Kai yaro, wace irin mota ce wannan mai kukan akuya?" Na durƙusa na ce, "Baba, ko in daina taka birkin?" Ya dubi motar, ya dubi katangarsa da ya yi wa sabon fenti, ya koma ciki.

Ciwon ajali ya fara da shaƙewar murya. "Kiiik" ya koma "gurrr". Mai Sifana ya kwance taya, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗan'uwa, ko silifar banɗaki ta fi waɗannan kauri." Yaya ya bugo waya ya ce in sa na titi ko in mayar da makulli. Na sa na titi.

Sababbin ba su da laifi, sai dai ba su da baki. Na tsaya a ƙofar gidan su wadda nake so ina taka birki har ƙafata ta yi tsami, ko labule bai motsa ba. Yanzu ta ɗauka na daina zuwa. Kuma an ce ana ganin wani mai babur da fasasshen salansa mai ƙara yana yawan bi ta layin.

Marigayan sun bar faifan birki biyu duk zane a jikinsu, da ƙannensu na baya da ba su taɓa tsinana komai ba, da baƙar ƙura a kan ƙafafun mota, da kare ɗaya da ya rasa abokin waƙa, sai ni.

Za a ɗauko su daga gareji ranar Asabar da yamma, cikin kwalinsu na asali, a miƙa su ga mai sayen ƙarafa. Ayari zai bi ta layin su wadda nake so. A ƙofar gidan zan sauke gilashi in yi kukan marigayan da bakina. Na daɗe ina gwaji, Mai Sifana ya ce saura kaɗan in kai. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya taɓa hon. Idan Baba ne ya fito, kowa ya yi ta kansa. Idan ita ce ta fito, a ci gaba da jana'iza ba ni.