Wadda Za Ta Tsinci Katina

Ranar da jakata ta faɗi a kasuwar Makarfi, da katina na ɗan ƙasa a ciki, ko a jikina. Yayana Sani ya ce in kai rahoto wurin 'yan sanda, in yi takardar rantsuwa a kotu. Na ƙi. A raina na riga na tsara komai: wata mai fararen idanu za ta tsince shi, ta ƙura wa hotona ido, ta biyo ni har Ikara. Kullum sai na fesa turare nake zama ƙofar gida.

Bayan sati uku aka yi sallama da ni. Na fito ina gyara hula, sai ga wani dattijo daga Kudan da 'yan banga biyu. Wani ya bar masa katina jingina, ya ɗauki hayar injin ban ruwa, ya ɓace.

"Ba sunanka ke nan ba? Ina injina?"

Da ƙyar mai unguwa ya hana a tafi da ni.

Har yau in na yi ado, Sani sai ya ce, "Ango, mai gemun ce za ta zo zance?"