Muryar Malam Ta Ƙi Goguwa

"Ina wuni, amaryar bara waccan?"

"Lafiya lau, ango marar ɗaki. Ka goge?"

Da la'asar ne, a unguwar Ƙofar Ran. Mika'ilu na zaune a ɗakin kakarsa Hajiya Maimuna, kwamfuta a cinya. Shi ya kwashe tsofaffin kaset na gidan ya zuba a ciki, don dangi su saurara ranar Juma'a. Ɗaya tak ke da muryar marigayi Malam, kakansa, mijin Hajiya, ashe kuma a ciki Malam cikin fushi yake cewa bai yafe wa 'yarsa Habibatu ba, uwar Mika'ilu ke nan. Wallahi in ta ji wannan, ta yi sallama da kwanciyar hankali.

"Sau uku ina gogewa. Dawowa yake."

"Ƙarya kake, rago."

Ya juyo mata da kwamfutar, ya danna, fayil ɗin ya ɓace. Suka zuba ido. Can sai ga shi ya fito a mazauninsa, kamar wanda ya leƙo ta labule. Tsigar jikin Mika'ilu ta tashi, duk da ya san dalili.

"Ka gani ko? Mijina na gaskiya ko a kabari ya fi ƙarfinka."

"Ba shi ba ne, tsohuwa. Manhajar kwamfutar nan, ma'aikata takwas gare ta a ciki, suna aiki lokaci guda. Ina gogewa, wani na riƙe da shi, sai ya sake rubutawa."

"Aljanu takwas ka shigo min da su ɗaki, ko sallama babu?"

"Sun ga shugabarsu ne."

Bai rufe baki ba aka yi gyaran murya a lasifika. Muryar Malam ta ce, "Maimuna," ta yanke. Ba wanda ya taɓa komai.

Mika'ilu ya dakatar da takwas ɗin gaba ɗaya. "Hajiya, kaset ɗin ya tsinke tun ranar da na kwafa. In na danna yanzu, babu sauran muryarsa a duniya."

Ta daɗe tana kallon lasifikar. "Danna. Shekara arba'in ina shan faɗansa, uwarka ba za ta sha ba."

Ya danna. Suka jira, suka ƙara jira. Bai dawo ba.

Ta yi dariya tana goge ido da bakin mayafi, ta miƙa masa goro.

"Ka ci, ja'iri. Tunda ka raba ni da shi, sai ka riƙe ni."