Kwalbar Bakin Kwata

An ce babu mai iya gano inda ruwan famfonmu na unguwar Abakpa Nike yake gurɓacewa. Ni kuwa, tsohon ma'aikacin ruwa, na ce a bar mini. Na ɗebo kwalba uku, daga farkon bututu, da tsakiyarsa, da bakin kwata, na sa a firji kafin in kai gwaji.

Dattawa suka zo jin bayani. Ina tsakiyar jawabi, matata Hajiya ta kawo musu kwalaben nan da sanyinsu. Liman ya shanye ta bakin kwata. Washegari ciki ya hana shi fitowa Asuba.

Har yau in na miƙa masa ruwa, sai ya ce, "Injiniya, na wane layi ne?"

Duk da haka, a rubuta: ranar Larabar bayan Babbar Sallah na gano wurin. Bakin kwata ne, cikin Liman ne shaida.