Gwabzawar Tukur Mai Faci da Gafiyar Goro

Ku kasa kunne, ya ma'abota tarihin mazan jiya, ku sha labarin Tukur Mai Faci na bakin tashar Malumfashi, ɗan Barau Dogo wanda tarinsa kaɗai ya taɓa korar kura daga bakin gari, ko da yake mahassada sun ce karen maƙwabta ne, jikan Gagare Mai Gatari wanda bai taɓa ƙin fita yaƙi ba, sai dai kullum Allah kan sa ya isa an riga an tashi. Daga wannan tsatso mai alfarma Tukur ya fito, sadaukin da taya ba ta yi wa gardama, madogarar masu babur, guduma mai ladabtar da ƙusa.

A shekarar da matarsa Hansai ta sake haihuwa, surukarsa Inna Tabawa ta taso daga ƙauye don ta yi mata wankan jego, ta sauka da ƙullin kayanta da ɗan kwandon goronta. Ita Inna, ka hana ta tuwo ta yafe maka, amma goro, a'a. Tana lulluɓe shi da ganye, tana yayyafa masa ruwa, tana leƙa shi fiye da yadda take leƙa jaririn.

Sai goro ya fara ɓacewa. Yau farin nan babba, gobe jan da ta ware wa baƙi. Tsohuwa ba ta kama sunan kowa ba, don suruka ba ta haka. Sai dai tana zaune tsakar gida tana tankaɗe, ta dubi kaji ta ce, "Ikon Allah! Goro ya yi ƙafa a gidan nan. Ni dai ban ga mai jan haƙori ba sai mutum ɗaya."

Tukur yana zaure yana ji. Haƙoransa kuwa duk tasha ta shaida ja wur suke kamar an rina.

Abin ya ƙona masa rai matuƙa. Jikan Gagare a ce masa ɓarawon goro, kuma a bakin uwar matarsa! Ga shi ba damar ya tsaya ya wanke kansa, domin tsakanin mutum da surukarsa ba dogon zance, ba haɗa ido, gaisuwa ce a durƙushe a watse. Hanya ɗaya ta rage masa: ya kamo ɓarawon ya shimfiɗe shi tsakar gida, gawa ta yi bayani a madadinsa.

Ya shiga bincike da basira irin ta mai neman hudar taya, har ya gano wani rami bayan randa, jikin bangon ɗakin Inna, da sabuwar ƙasa a bakinsa. Gafiya ce. Ita ce dai shaƙiyyiyar nan mai farin ƙarshen wutsiya, mai kumatu kamar buhu, uwar makirci, wadda ba ta noma amma rumbunta ba ya rabuwa da kaya.

Wata safiya da hantsi, da Inna ta fita duba wata maƙwabciya mara lafiya, gwarzo ya yi azama. Ya bar masu babur suna jiransa a tasha, ya tara tsummoki da busasshen barkono, ya durƙusa bakin rami da ashana, zai saukar wa abokiyar gaba azabar da ba ta taɓa shaƙa ba.

Hansai ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, hayaƙin barkono da ɗanyen jariri a gida? Wallahi ka ƙyasta ashanar nan gidanmu zan tafi."

Nan take aka rushe rundunar hayaƙi. Amma jarumi ba ya rasa makami. Ya kifa hular kwanon da wani mai babur ya bari a wurinsa, ya ɗauki murfin tukunyar ruwan wanka ya yi garkuwa, ya jingina taɓarya kusa, ya ɗaga diga sama, ya yi kirarin da ya sa zakara ya faɗo daga kan turmi.

"Sai ni Tukur na Barau! Ƙusa ta san ni, kwalba ta san ni, yau ke ma za ki san ni!"

Ya sara, ƙasa ta amsa. Ya bi ramin yana haƙa, gumi yana zuba, randa ta tuntsure ta zama shahidar farko a wannan yaƙi, har ya isa taskar azzaluma. Ga cokalin da aka zargi 'yan barka da shi, ga gutsuren sabulu, ga goro fari da ja an jera kamar a kasuwa. Farin ciki ya lulluɓe shi. Ya kwashe ganima ya cusa a aljihun rigarsa, don ya jera ta kusa da gawa idan an gama.

Sai ga ta ta yi fitar burgu ta tsakanin ƙafafunsa, ƙatuwa kamar 'yar kyanwa. Ya suri taɓarya ya rufa mata baya. Suka kewaye turmi, suka keta garken kaji, igiyar shanya ta shaƙe shi ya tsinke ta, ya kai duka ya sami kwanon sha, ya sake kaiwa ya sami babban yatsansa, bai fasa ba, har ya ritsa ta a lungun ƙofar zaure inda ba rami ba mafita. Ya ɗaga taɓarya da hannu biyu. Mutuncin zuriyar Gagare duka yana kan wannan bugu.

"Salamu alaikum."

Inna Tabawa ce a bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya ba Tukur ya shirya shi ba, jikinsa ne ya yi da kansa. Taɓarya ta sauka a hankali, takalma suka fice, gwiwa ta kai ƙasa, kai ya sunkuya. Ita ma ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, kamar yadda ya kamata.

"Barka da dawowa, Inna."

"Yauwa. Barka da gida."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Da yake idonsa na ƙasa, shi kaɗai ya ga gafiya ta fito daga lungu ba gaggawa, ta taka yatsan nan nasa mai ciwo, ta bi gefen zanin Inna ta fice waje. Hawaye ya cika masa ido, amma wa ya taɓa kai duka yana tsakiyar gaida suruka? Yana cikin "ya gajiyar hanya" sai aljihun da ya cika ya gaza. Goro ya zubo, fari da ja, ya gangara ɗaya bayan ɗaya har gaban ƙafarta.

A nan ne Inna ta dubi ƙasa.

Ta tsuguna ta tsince su tsaf, tana goge kowanne da gefen mayafi. Ta dubi tsakar gidan da aka tone, da fasasshiyar randa, ta girgiza kai don tausayi, sannan ta ɗaga murya.

"Hansai! Ki ce da mai gidan nan ba sai ya binne ba. Kullum da safe ki zo ki karɓar masa ɓari. Abin da ya wuce kuma na yafe, duniya da lahira."

Tukur ya buɗe baki. Gaskiya tana nan a kan harshensa, da wutsiyarta da kumatunta. Amma suruka ta yi kyauta, ta haɗa da gafara, kuma amsar wannan guda ɗaya ce tak a duniya.

"Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ya cire hular kwano, ya nemo shebur, ya wuni yana cike rami.