Janar Awudu da Wasan Dakan Fufu

Duk wanda ya ce Tamale ba ta haifi gwani ba, to bai taɓa bi ta Sabonjida ya ga Awudu ba. Caja da rigar waya yake sayarwa a bakin titi, amma wannan sana'ar rufin asiri ce kawai. Ainihin aikin da ya zo yi duniya shi ne lallasa mutane a wasan kwamfuta. Sunan Janar ma shi ya raɗa wa kansa, da ya ga mutanen unguwa sun yi nawa wajen gane darajarsa.

Janar ba ya taɓa wasannin manyan kamfanoni, ya ce na 'yan koyo ne. Nasa ƙananan nan ne da mutum ɗaya ko biyu ke ƙirƙira a ɗakinsu su saka a intanet, waɗanda ake bugawa mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya. Wannan ya kama maɓallan kibiya a dama, wancan ya kama haruffan da ke hagu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tankokin yaƙi ne, ko zakaru masu dambe, ko kwaɗi masu ture juna cikin ruwa, duk Janar ya ƙware.

Yana da dokoki, kamar kowane babban mutum. Shi ne a dama kullum, domin a cewarsa babba ba ya wasa ta hagu. Cewa maɓalli ɗaya na hagun yana maƙalewa tun ranar da koko ya zube a kansa, wannan ƙaddara ce, ba ruwan Janar. In kuma abokin karawa ya fara rinjaye, sai tsoron Allah ya sauko masa, ya rufe kwamfutar ya ce lokacin salla ya gabato.

Haka abokansa na wurin shan shayin ataya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Abdulfatawu tela, mai haƙurin da ake kwatance da shi, shi ya fi daɗewa, amma shi ma wata rana ya tuna yana da ɗinki. Janar bai karaya ba. Ya koma karawa da kansa, hannun dama da hannun hagu, kuma tarihi ya shaida hannun dama bai taɓa faɗuwa ba.

Sai ga Rashidatu. 'Yar Jisonayili ce, ta karanci kwamfuta, caja ta zo saye ta tafi da zuciyar Janar. A nan kam ba wasa, son ta yake yi tsakani da Allah, har abinci ya daina yi masa daɗi. Da ya furta mata maganar aure, sai ta yi murmushi ta ce ya zo gidansu ran Asabar bayan la'asar. Akwai ɗan wasan da suka haɗa ita da yayanta Tahidu, in sun buga tare za ta ba shi amsa.

Janar ya ji kamar an ce wa kifi ya zo gwajin ninƙaya. Ran Asabar ya zuba batakari, rigarsa ta saƙi ta zuwa biki, ya fesa turare, ya hau babur. Ya gaida Mma, mahaifiyarta, har ƙasa, sannan ya zauna a kujerar dama tun kafin a nuna masa wuri.

Tahidu ya buɗe baki zai yi bayani, Janar ya ɗaga masa hannu.

"Mutumina, bari kawai. Daga nan har Sagnarigu babu yatsa kamar nawa. Ni ba a koya min gem, gem ne ke koyo a wurina."

A fuskar kwamfutar turmi ne da dafaffiyar doya, mutum ɗaya tsaye da taɓarya, ɗaya tsugune da kwanon ruwa. Can nesa ga baƙi suna tahowa a hankali.

"Kai ke daka, ni ke juyawa," in ji Rashidatu. "In na sa hannu ka jira, in na cire ka danna. In fufu ya yi laushi kafin baƙi su iso, mun ci."

A duk bayanin nan kalmar ƙarshe kaɗai ta shiga kunnen Janar.

Aka fara. Mai juyawa ta miƙa hannu cikin turmi, Janar ya sakar mata taɓarya, tim! 'Yar tsanar da ke juyawa a cikin wasan ta yi ihu, jan tauraro ya fito a sama. Ai kuwa idon Janar ya yi haske. Duk wasan da ya sani a duniya, in ɗan'uwanka ya yi ihu to kai ke da riba. Sai ya gyara zama, ya daina dakan doya sam, ya koma dakon hannu. Ta sa, ya buga. Ta yi kamar za ta sa, ya jira, ta sa, ya buga. Gaskiya ba a taɓa ganin saiti irin wannan a gidan ba.

"Awudu, hannuna fa kake daka!"

"Yi haƙuri, Rashida. A fagen yaƙi babu soyayya."

Mma ta juya baya tana tsintar wake, kafaɗunta na rawa don dariya. Jajayen taurari suka cika sama, baƙi suka iso suka leƙa turmi, suka tarar da doya gaya-gaya, suka koma da yunwarsu. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro cewa su biyun duka sun faɗi.

Janar ya miƙe ya kaɗa batakari. "Tahidu, gem ɗinku yana da kyau, amma akwai kuskure. Sunan wanda ya ci bai fito ba. Ku gyara, ba zan gaya wa kowa ba."

Rashidatu ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ƙi shi ba, shi ya sa ta sake ba shi dama. Ta ce su yi musaya, ya dawo hagu ya juya, ita ta daka, ko zai ji yadda abin yake.

"Ni? Janar guda ya tsuguna gaban turmi, kuma ta hagu? Haba, ko a kwamfuta ne ai mutum yana da mutunci."

"To shi ke nan, Janar, ka ci," ta ce, ta rufe kwamfutar a hankali. "Ka gaida gida."

Sai da ya kusa Sabonjida, iska na kaɗa masa riga, ya tuna bai ji amsar da ya je nema ba. Ya yanke hukuncin cewa kunya ce irin ta mata.

Amsar ta same shi bayan bikin salla, a bakin 'yan ataya. Ashe Abdulfatawu tela ma an gayyace shi wasan. An ce karon farko ya yi ta jiran hannunta har baƙi suka iso bai daka komai ba, suka faɗi suna dariya, a karo na biyu fufu ya yi sumul. Yanzu shi da kansa yake ɗinka kayan bikinsu.

Ranar Janar bai buɗe teburin caja ba, kuma wanda ya gan shi ya ce idonsa ya yi ja. Amma babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. Ya sauke wasan daga intanet, inda su Tahidu suka saka shi, don ya tabbatar wa duniya cewa zalunci aka yi masa, ya ba hannun dama taɓarya, ya tsugunar da na hagu gaban turmi.

Har yau baƙin nan ba su ci fufu a gidan Janar ba. Amma in ka bi ta Sabonjida zai nuna maka taurarinsa, ya gaya maka hannun dama na nan bai taɓa faɗuwa ba.