Yadda Ake Hawa Dutse da Ƙarfin Motar Madara

Ni Misael, direban motar madara a duwatsun Boyacá, na yi maka alkawari: bi matakan nan, ranar babban tseren keke sai ka kai ƙololuwa. Ban taɓa yin ɗalibin da bai kai ba.

1. Cika baki gaban surukinka

Tun da ka auri Nubia, babanta Don Aristóbulo bai taɓa kiran sunanka ba, "ɗan birnin nan" yake ce maka. Shi kuwa da furfurarsa yake hawa dutsen a tsohon keke, da buhun dankali a baya. Jira Lahadi bayan coci, ana cin abinci, ka ce za ka shiga tseren. Ba zai ɗago daga kwano ba, zai ce:

"In na gan ka a sama, ran nan zan san sunanka."

2. Sayi kaya

Wando mai matse cinya, tabarau, aljihu cike da alawar gwaiba. Aske gashin ƙafa. Masana sun tabbatar dutse yana jin nauyin mai sabon kaya.

3. Kama ƙarfen baya

Kullum da safe, in ka fita gwajin hawa, a kwanar hanya ta biyu numfashinka zai ƙare. Nan za ka ji motata tana gurnani. Miƙa hannu, riƙe ƙarfen bayanta. Kada ka daina juya feda, akwai mata masu tatsar shanu a bakin hanya, kuma suna da ido. Kada ka kalli madubina, ni ma ba zan kalle ka ba. Zaman lafiya ke nan.

4. Saki kafin shagon Doña Tránsito

Yayyafa ruwa a fuska, shiga da haki, nemi ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku.

"Har ka iso, ɗana? Ai tsohon nan, surukinka, ma bai kai ka sauri ba."

"Horo ne kawai, ranki ya daɗe."

Labari zai riga ka zuwa gida. Za ka tarar Nubia ta shimfiɗa zanen gado tana rubuta sunanka, WILMAR, da fenti, don babanta ya karanta a sama. Kunya za ta kama ka sosai. Ka ci abinci, kunya tana wucewa.

5. Ranar tsere

Ana rufe hanya, babu motar da ke wucewa. Ban faɗa maka tun farko ba, ai ba ka tambaya ba. Mota ɗaya ake bari, wadda ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza. Tawa ce. Mu haɗu a kwana ta biyu kamar kullum, amma yau ciki za ka shiga, kai da keken.

6. Isa ƙololuwa

Zauna tsakanin gwangwanayen madara, riƙe sirdi da mutunci. Nubia za ta naɗe zanenta. Tsohon zai leƙo, ya daɗe yana kallonka. Dattijo ne, ba ya saɓa magana.

"Na gan ka a sama. Sauko, Madara."

Kafin yamma yaran gari ma sun iya sabon sunan.

Gargaɗi

Na ce za ka kai, ka kai. Na ce komai game da yadda za ka kai? Sunan da aka raɗa maka, shirun matarka da ƙaiƙayin ƙafar da ka aske, duk babu ruwana. Ni madara nake ɗauka.